Idan fari ya cinye ciyawa, nawa gwamnatin Amurka take biyan mai shanu?

Tambaya: Ina da 'yan shanu da nake kiwo, ina kuma taɓa fataucinsu zuwa kudu. Kwanakin baya na ji an ce gwamnatin Amurka ta raba wa masu kiwonta dala biliyan guda saboda fari ya ƙone musu wuraren kiwo. Da gaske ne? Yaya ake gane wanda ya yi asara, nawa ake ba mutum, kuma me ya hana a yi mana irinsa a nan?

Amsa: Malam, da gaske ne, ba ƙanzon kurege aka ba ka ba. A ƙarshen watan Mayun 2025 ma'aikatar gona ta Amurka ta fara tura wa masu kiwo kuɗin da jimillarsu ta kai kimanin dala biliyan ɗaya, saboda fari da gobarar dajin shekarun 2023 da 2024. Sai dai wannan ɗoriya ce da majalisarsu ta amince da ita daga baya. Ainihin abin yana ƙarƙashinta, wani shiri ne na dindindin da ke aiki kowace shekara, ko an faɗa a rediyo ko ba a faɗa ba. A taƙaice ana kiransa LFP, wato shirin tallafin asarar abincin dabbobi, kuma hukumar FSA, reshen ma'aikatar da ke hulɗa da manoma kai tsaye, ita ke gudanar da shi ta ofisoshinta na gundumomi. Gunduma a can ita ce kusan ƙaramar hukumarmu, kuma suna da fiye da 3,000.

Ka fara cire maganar diyya daga ranka. LFP ba ya biyan saniyar da ta faɗi. Wannan aikin wani shiri ne dabam, LIP, wanda ke biyan kashi 75 cikin ɗari na kuɗin dabba a kasuwa idan masifa ta kashe ta, kuma ko shi sai abin da ya haura mutuwar da aka saba gani a garke kowace shekara. LFP na dabbar da ke raye ne. Hujjarsa ita ce, da shekara ta yi kyau da saniyar nan tana ci a fili, yanzu fili ya bushe, dole mai ita ya sa hannu a aljihu ya sayo mata abinci. To gwamnati sai ta ɗauki wani yanki na kuɗin abincin, na 'yan watanni. Iyakarsa ke nan.

Ka tambaya yadda ake gane wanda ya yi asara. Gaskiyar magana, ba a ganewa. Babu jami'in da zai zo ya tsaya a filinka ya duba ko ciyawa ta bushe. Taswira ake dubawa. Tun 1999, kowace Alhamis ake fitar da taswirar fari ta ƙasar baki ɗaya, aikin haɗin gwiwa tsakanin cibiyar nazarin fari ta Jami'ar Nebraska da ke garin Lincoln, da hukumar kula da yanayi ta NOAA, da ita ma'aikatar gonar. Masana ne ke karɓa-karɓa wurin zana ta. Suna haɗa adadin ruwan da ya sauka, da danshin ƙasa, da yawan ruwan koguna da madatsu, da dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsu, da hoton tsirrai daga tauraron ɗan'adam, da rahoton ɗaruruwan mutanen da ke ganin abin da idonsu a yankunansu. Taswirar tana da matakai biyar, daga D0 zuwa D4. D0 rawaya ne, ɗan bushewa kawai. D2 fari ne mai tsanani, irin wanda wuri ke gani sau ɗaya cikin shekara 10 zuwa 20. D3 ja ne. D4 ja ne mai duhu, irin farin da mutum zai iya yin shekara 50 bai ga kamarsa ba.

Ka lura, kowane wuri da kansa ake gwada shi, ba da maƙwabcinsa ba. Jihar Nevada busasshiya ce tun fil'azal, amma wannan bai sa ta zama cikin fari ba sai ruwanta ya gaza abin da ita kanta ta saba samu. Haka jihar da ke samun ruwa kamar da bakin ƙwarya tana iya shiga ja alhali abin da ya sauka mata ya ninka na Nevada sau da yawa.

Launin da gundumarka ta samu shi ke yanke adadin watannin da za a biya ka. Tun dokar 2014 lissafin haka yake: idan wani yanki na gundumar ya yi mako 8 a jere yana D2, kana da kuɗin wata ɗaya. Idan ya taɓa D3, ko da na mako guda ne, wata uku. Idan D3 ɗin ya kai mako 4, ko aka taɓa D4, wata huɗu. D4 na mako 4, wata biyar, kuma nan aka tsaya, babu wata shida ko da farin ya shekara. Dokar da shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta sassauta matakin ƙasa, yanzu mako 4 a jere a D2 ya isa wata ɗaya, mako 7 cikin 8 kuma wata biyu. Duk wannan sai farin ya faɗo cikin lokacin kiwo da aka rubuta wa irin ciyawar filinka a gundumar. Farin da ya zo tsakiyar hunturu, lokacin da dama shanu ba sa kiwon wannan ciyawar, ba ya cikin lissafi.

Dubi tsallen da ke tsakanin D2 da D3, ka gane dalilin da ya sa masu shanu a can suke jiran safiyar Alhamis. Ɗan jan tabo a kusurwar gunduma yana iya mayar da kuɗin wata ɗaya ya koma na wata uku ga kowa da kowa a cikinta. Shi ya sa za ka ga suna ɗaukar hoton busasshen tafki da fili fetal suna aikawa ta shafin karɓar rahoto da cibiyar ta buɗe. Masu zanen suna dubawa, amma hoto shi kaɗai ba ya motsa layi sai alƙaluma sun mara masa baya.

Yanzu maganar nawa. Doka ta ɗauki babbar saniyar nama a matsayin ma'auni, ta ce abincinta na yini daidai yake da masara laba 15.7, kilo 7 da 'yan kai. A wata, laba 471 ke nan, kimanin kilo 214. Su kuma masara da wani ma'auni suke sayar da ita mai suna bushel, laba 56, wajen kilo 25. Ka ga saniya tana cin bushel 8.4 a wata a kan takarda. Sai a duba matsakaicin farashin masara na ƙasa cikin wata 12 da suka gabaci 1 ga Maris, da na wata 24, a ɗauki wanda ya fi tsada. Mu ƙaddara bushel dala 5 ne, don lissafi ya yi sauƙi. Abincin saniya na wata ya zama kimanin dala 42. Gwamnati ba ta biyan duka, kashi 60 cikin ɗari take biya, wajen dala 25. Mai saniya 100 a gundumar da ta taɓa D3 zai samu dala 2,500 sau uku, 7,500. Idan abin ya kai maƙura aka biya wata biyar, 12,500. Sauran dabbobi da saniyar ake auna su: tunkiya ko akuya rubu'inta, doki wajen kashi uku cikin huɗu, saniyar madara kuma ta ninka ta biyu da rabi da ɗoriya.

Akwai tarko guda a lissafin, kuma a ganina shi ne mafi wayo a dukan shirin. Sau biyu ake lissafawa, a biya ka mafi ƙanƙanta. Na farko da yawan dabbobinka, na biyu da abin da filinka zai iya ɗauka a shekarar da ba fari. Kowace irin ƙasar kiwo a gunduma an rubuta mata eka nawa ke riƙe saniya ɗaya, kuma ba a canza adadin sai kwamitocin FSA na jiha da na gunduma sun nema, na gundumar kuwa manoman wurin ne ke zaɓarsa. To idan kana da eka 1,000 a inda saniya ke buƙatar eka 20, filinka na saniya 50 ne. Ka zuba 100 idan ka ga dama, na 50 za a biya ka. Wanda kuma yake da fili makeke da shanu 10, na 10 zai karɓa. Ba a cin kuɗin nan da yawan shanu kaɗai, ba a cinsa da faɗin fili kaɗai.

Abin da ke damun masu kiwon da lissafin shi ne masarar kanta. Saniyar da ke kiwo a filayen Texas ko Oklahoma ba masara ake saya mata ba idan fari ya zo, ingirici ake saya, manyan ɗaurin busasshiyar ciyawa. Farashin masara kuwa daminar jihohin Iowa da Illinois da kasuwar Chicago ke yanke shi. Ana iya samun shekarar da masara ta yi albarka a can arewa farashinta ya faɗi, alhali a yankin farin ingirici ya yi tashin gwauron zabi, ga kuɗin tirelar da za ta ɗauko shi daga wata jihar. Don haka kashi 60 ɗin da ke rubuce, idan aka gwada shi da abin da mutum ya kashe da gaske, sau da yawa bai kai ba.

Wa ya cancanta? Ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, ko kamfani, ko ƙabilar 'yan asalin ƙasar da doka ta san da ita. Dabbobin su kasance a hannunsa, mallaka ko haya ko kwantiragi, cikin kwana 60 kafin farin ya fara, don kada wani ya hango jan launi ya ruga kara ya sayo shanu. Su kasance na sana'a ne, masu kiwo a fili. Shanun da ke turke a manyan wuraren ƙiba ana zuba musu hatsi ba sa ciki, tunda dama ba ciyawar fili suke ci ba. Filin kuma ya zama nasa ne ko ya karɓa haya, da takarda, kuma ya kai rahoton ekokinsa ofishin FSA. Sai ya cika fom mai lamba CCC-853. Dokar 2014 ta hana wanda matsakaicin kuɗin shigarsa ya haura dala 900,000 a shekara samu, kuma ba a ba mutum ɗaya fiye da dala 125,000 a shekara. Wanda fari ya tilasta masa sayar da shanu a ɗaya daga shekaru biyun baya, ana lissafa masa su, amma a kan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin. Kuma kuɗin da aka karɓa ana biyan haraji a kansa.

Gobara tana da nata hukuncin, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. A yammacin Amurka gwamnatin tarayya ce babbar mai ƙasa. A Nevada kusan kashi 80 cikin ɗari nata ne. Masu shanu suna karɓar izinin kiwo a kai bisa tsarin da ya faro da dokar Taylor ta 1934, suna biyan kuɗi kaɗan ƙwarai, daga 2019 zuwa 2024 dala 1.35 ne a wata kan saniya da ɗan maraƙinta. Idan wuta ta ci irin wannan fili hukuma ta hana shiga, LFP yana biyan rabin kuɗin abinci na kwanakin da aka hana, iyaka kwana 180. Amma filin da mutum ya mallaka da kansa ba ya cikin wannan sashe. Gobarar Smokehouse Creek da ta tashi a arewacin Texas a ƙarshen Fabrairun 2024 ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya, babu wadda ta kai ta girma a tarihin jihar, ta kashe dubban shanu. Kusan duk ƙasar Texas ta masu zaman kansu ce. Mutanen sai suka bi wasu ƙofofin: LIP don gawarwaki, ELAP don ciyawa da abincin da suka ƙone, wani shirin kuma don gyaran shingen waya. ELAP ɗin shi ne ke kwashe abin da sauran suka bari, har da kuɗin jigilar ruwa a tanka, kuma tun 2021 har da jigilar abinci daga nesa.

Ba a wayi gari aka ga tsarin nan haka ba. A babban farin 1934, zamanin shugaba Roosevelt, dabarar gwamnati ita ce saye. Ta sayi shanu fiye da miliyan 8 daga hannun masu su, waɗanda suka rame ƙwarai aka harbe aka binne, sauran aka yanka aka raba naman ga marasa aikin yi. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa kowane fari da nasa ƙudurin, sai an yi kuka, majalisa ta zauna, a ƙirƙiro shiri da sabon suna da sabbin sharuɗɗa. Dokar gona ta 2008 ce ta fara kafa LFP ta ɗaure shi da taswirar, amma kuɗinsa ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2011.

Da za a zaɓi ranar da ta fi muni a ƙare, da wuya a samu wadda ta fi wannan. Shekarar 2011 ita ce Texas ta yi farin da shanun haihuwarta suka ragu da fiye da rabin miliyan. A 2012 fari ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar. A farkon Oktoban 2013 guguwar dusar ƙanƙara ta auka wa yammacin Dakota ta Kudu tun shanu ba su yi gashin hunturu ba, ta kashe dubun dubata, kuma a makon ofisoshin FSA a kulle suke saboda rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da gwamnatin tarayya. Babu shiri, babu ma wanda za a kai wa rahoto. Sai ranar 7 ga Fabrairun 2014 shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar gona, wadda ta mayar da LFP da LIP na dindindin, ta kuma koma baya ta biya asarar tun daga 1 ga Oktoban 2011. An biya biliyoyin daloli, amma mutumin da ya sayar da garkensa a 2012 cakin 2014 bai dawo masa da shi ba.

Kuɗin da ka ji labarinsu, ELRP sunan shirin, wato agajin gaggawa ga masu dabbobi. An fara shi ne kan farin 2021, da dala miliyan 750 da majalisa ta ware. Ba a cika sabon fom. Ana ɗauko lissafin LFP ɗinka na shekarar a ƙara maka wani kaso a kai, a na 2021 kashi 75 cikin ɗari, ko 90 ga sabbin manoma da masu ƙaramin ƙarfi da tsofaffin sojoji da makamantansu. Na 2023 da 2024 ya fito daga dokar Disambar 2024 da ta ware wa masu dabbobi dala biliyan 2, kuma da yake masu nema sun yi yawa, kashi 35 aka fara biya. Abin lura a nan biyu ne. Wanda bai shiga LFP ba tun farko bai ga ko sisi ba. Sannan farin 2023 aka biya a tsakiyar 2025.

Me ya sa gwamnati take wahalar da kanta? Saboda saniyar haihuwa. Idan ciyawa ta ƙare kowa kara yake nufa a lokaci guda, farashi ya karye, iyaye mata da karsana su tafi mahauta. Nama ya yi araha wata shida, sannan ya yi tsada shekaru, domin karsanar da ka ajiye yau sai ta shekara biyu ta yi haihuwar fari, ɗan kuma sai ya ƙara fiye da shekara kafin ya isa yanka. Har dokar harajinsu ta san da wannan, wanda fari ya sa ya sayar da shanun haihuwa ana jinkirta masa harajin ribar idan ya maye gurbinsu cikin shekara huɗu. To shin tallafin ya hana garke narkewa? Bai hana ba. Ranar 1 ga Janairun 2024 shanun Amurka miliyan 87.2 ne, adadin da ba a ga ƙasa da shi ba tun 1951, bayan farin da ya faro a 2020 ya yi shekaru yana cin yamma da tsakiyar ƙasar. Dala 25 a wata ba ta tsayar da mutumin da rijiyarsa ta ƙafe. Abin da take yi shi ne ta ba wanda ke kan gaɓa damar riƙe zaɓaɓɓun shanunsa har ruwa ya sauka.

Aibin da ya fi fitowa fili shi ne layin gunduma. Gundumar Elko a Nevada, ƙasar shanu ce, ta ninka jihar Kano biyu a faɗi. Idan kusurwarta ɗaya ta yi ja, mutumin da ke ɗaya kusurwar da ciyawa har gwiwa ya cancanci kuɗi. Wani kuma filinsa ya ƙone ƙurmus amma yana tsallaken layi, a gundumar da taswira ta bari a D1, ba shi da komai. Akwai kuma masu sukar cewa kuɗin yana sa mutum ya ƙi rage shanu a lokacin da ƙasa ke buƙatar hutu, su cinye ciyawa har saiwa, fili ya yi shekaru bai farfaɗo ba. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ƙa'idar abin da fili zai ɗauka ta rage mata kaifi.

Duk da haka ni ina bayan taswirar. Mai tanadi da ya tara ingirici tun da wuri kuɗinsa ɗaya da na wanda bai tara ba, ba a hukunta shi don ya yi hangen nesa. Sannan babu wanda zai je ya durƙusa wa wani jami'i. Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne a Amurka. Manoma baƙar fata sun kai ma'aikatar gona kotu a 1997 kan wariyar da ofisoshin gundumomi suka daɗe suna nuna musu wajen rance da tallafi, aka sasanta a 1999, shari'ar da ake kira Pigford. 'Yan asalin ƙasar su ma sun kai tasu, Keepseagle, aka sasanta a 2010. Ƙasar da ke da wannan tarihi, gara mata layin da ya yi kuskure ba tare da ya san sunan kowa ba, da ta bar wa mutum ɗaya a ofis ya yanke wanda ya yi asara.

Wanda layin gunduma bai gamsar da shi ba yana iya sayen inshorar ruwan sama da ake kira PRF. Ita an yanka ƙasar gida-gida ne, kowane gida bai wuce kilomita 28 a kowane gefe ba, mutum ya zaɓi watannin da ya fi buƙatar ruwa, idan abin da ya sauka a gidansa ya gaza ma'aunin da ya saya sai a biya shi. Gwamnati tana ɗaukar fiye da rabin kuɗin inshorar.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Ba kuɗi kaɗai ya hana ba. LFP a kan abubuwa uku yake zaune: fili mai iyaka da takarda, dabba mai adadi a rubuce, da mai kiwon da ke zaune wuri guda fari ya same shi. Makiyayinmu kuwa maganin farinsa ƙafa ce. Wanda ya yi damina a Dakoro ko Tanout a Nijar ya gangaro kudu da rani, farin wace gunduma za a biya shi, kuma eka nawa zai rubuta? Najeriya tana da wuraren kiwo fiye da 400 da aka keɓe, bisa tsarin da ya faro da dokar Jihar Arewa ta 1965, amma akasarinsu ba a ma kammala shigar da su doka ba, da yawa gonaki da gidaje sun cinye. Ƙidayar shanu kuma, kai ma ka san abin da jangali ya bari a zukatan mutane, ga kunyar faɗin adadin dukiya. Idan aka kwafo shirin yadda yake, masu manyan gonakin kiwo da takardar mallaka su za su kwashe, mai sanda da malfa ya tashi a tutar babu.

Abin da ake iya ɗauka shi ne ma'aunin da ba ya jiran bakin jami'i, kuma an riga an gwada shi kusa da mu. A Kenya cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta fara inshorar da ke dogara da hoton ciyawa daga tauraron ɗan'adam a Marsabit a 2010. A 2015 gwamnatin ƙasar ta shigo, tana biya wa gidajen makiyaya marasa ƙarfi inshorar abin da ya kai shanu 5, farawa da Wajir da Turkana. Ba a tambayar takardar fili. Idan koren yanki ya faɗi ƙasa da ma'auni sai kuɗi ya fita, wasu ta wayar hannu, da nufin a sayi abinci da ruwa tun dabba tana tsaye. A Nijar cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, tana bin yanayin ruwa da ciyawa, ma'aikatar kiwo tana fitar da lissafin ciyawar ƙasa bayan kowace damina, kuma idan an samu giɓi gwamnati tana sayar da dusa da sauran abincin dabbobi a farashi mai rahusa. A farkon 2015 asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka, ARC, ya biya Nijar da Senegal da Muritaniya kimanin dala miliyan 26 bayan daminar 2014 ta gaza, Senegal ta sa wani kaso na nata a rangwamen abincin dabbobi. A Najeriya an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024. Idan za ta yi wani abu irin wannan, hanyar Kenya da Nijar ta fi dacewa da garken da ke tafiya, wato a auna ciyawar yanki, a yi rajistar gida maimakon fili, a sa iyaka ga adadin dabbobin da ake biya wa kowane gida, kuma a rubuta ƙa'idar cikin doka tun ana damina.

Tunda labarin biliyan ɗin ya bazu, ƙila ka ci karo da saƙo a WhatsApp ko Facebook ana cewa ka cika fom ka tura kuɗin rajista a sa ka cikin tallafin makiyaya na Amurka. Kada ka tura. Shirin na wanda dabbobinsa da filinsa suke cikin Amurka ne, ta ofishin FSA na gundumarsa ake nema, kuma ko su ba a karɓar kuɗin fom a hannunsu.